Baba Gurnani Ya Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, cikar da har tana tumbatsa, ni da iyalina da duk wani ƙarfe mai tsatsa da ke ƙarƙashin kulawata muke sanar da 'yan uwa, da maƙwabta na dama da na hagu, da abokan wannan sana'a tamu da ba ta taɓa ciyar da kowa ba, da ma duk wanda ya taɓa toshe kunne a layinmu, rasuwar jigonmu kuma abin alfaharinmu, injin sassaƙa ƙarfe na gidan nan, wanda aka fi sani da Baba Gurnani. Ya cika ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa mai babbar taga, bayan doguwar jinya wadda ya jure ta da ƙara mai yawa.

Wanda ya gamu da ni a hanya yau ya ga bakina ya ƙi rufuwa, don Allah kada ya yi mini mummunar fassara. Baƙin ciki iri-iri ne. Wani kuka yake sa shi, wani zazzaɓi, ni nawa ta haƙora yake fitowa. Bayani yana nan tafe a inda ya dace, a yi haƙuri a bi ni a hankali.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar saninsa ba, Baba Gurnani inji ne da ake damƙa wa guntun ƙarfe a baki, ya riƙe shi gam, ya yi ta juya shi, ni kuma in matso da wuƙa a hankali ina feƙe shi kamar fensir, har ya zama abin da nake so. A mafi yawan lokuta dai yakan zama wani abu dabam, wanda ni ma sai na zauna na yi tunanin sunan da zan sa masa da amfanin da zan ce yana da shi.

Ba sayo shi aka yi ba, kada wani ya raina masa asali. Haifarsa aka yi, a cikin ɗakin nan, shekarar da na ajiye aiki a gidan waya. Na ƙarar da ƙuruciyata ina buga hatimi, ban taɓa riƙe ƙarfen da ya fi almakashi nauyi ba. Da na yi ritaya na zauna ina kallon bango, bango yana kallona, sai wata rana na ga wani dattijo a wayar hannu yana sassaƙa ƙarfe, ɓawon yana fita a nannaɗe yana walƙiya. Shi ke nan, cuta ta kama ni, kuma har yau ba a samo maganinta ba.

Gadon bayan marigayi wasu dogayen ƙarafa biyu ne da na roƙo a inda ake rusa wani tsohon sito. Kansa wani dunƙulen ƙarfen zubi ne da na tsinto a juji, na turo shi gida a baro ina tsayawa ina haki a kowace kwana. Zuciyarsa ta farko kuwa ta injin jan ruwa ce. Maƙwabcina Mai Walda, mutumin da bai taɓa ce wa mugun tunani a'a ba, shi ya yi unguzoma. Ya jawo wayarsa ta taga, ya rufe fuska, ya yi ta liƙa ƙarfe da ƙarfe duk inda na nuna masa da yatsa. Daga nan marigayi ya ci gaba da girma. Bana a ƙara masa teburi, baɗi a ƙara masa wurin rataye kaya, wata shekarar a ƙara masa wani abu don kawai an samu ƙarfen a ɓagas. Da ya fara yawo a ɗaki shi kaɗai saboda girgiza, har wata rana na same shi ya kusa kai wa bango runguma, sai muka kwaɓa siminti muka zuba masa a ƙafafu.

A nan dole a taɓo maganar ɗaki, ko da wasu za su ce ba wurinta ba ne. Gidanmu ɗaki ɗaya ne ke da tagar kirki, mai faɗi, wadda haske ke shigowa tun safe har yamma. Tun ana ginin gidan aka ce na uwar yara ne, saboda ɗinki take yi, ɗinki kuma da ido ake yinsa. Da na yi ritaya na ce ta ara mini shi kafin in gama haɗa wani ɗan abu. Ta ja kekenta ta koma lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin kwana, na ɗan lokaci. Da ɗan abin nan ya zama Baba Gurnani, muka sake zama. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Baban yara, ba zan raba ka da abin wasanka ba. Amma ranar da ƙarfen nan ya mutu, ɗakina nake so."

Na ce na yarda, har da dafa ƙirji, don na dubi kaurin ƙarfen nan na tabbata ko jikokina ba za su ga bayansa ba. Tun daga ranar, duk tarin da marigayi ya yi, mutum biyu ne ke kasa kunne a gidan nan, ɗaya da fargaba, ɗaya kuma ba zan faɗi da me ba, don ita ma za ta karanta wannan sanarwa.

Marigayi mutum ne, astagfirullah, inji ne mai tashi da wuri. Da an danna masa makunni sai ya ce "hmmmmm", irin ta dattijon da aka tasa daga gyangyaɗi. Sai ya yi "kaf, kaf, kaf" yana gyara murya. Daga nan ya saki "gurrrrrr" ɗin nan tasa wadda ke sa kofuna rawa a kicin, ta sa hoton aurenmu ya karkace a falo, ta sa kyanwar gidan ta tafi ziyara maƙwabta. In aiki yana tafiya daidai, wuƙa tana cin ƙarfe lami lafiya, yakan ce "shiiiii", a hankali, kuma wallahi ban taɓa jin waƙar da ta kai wannan daɗi ba. In kuwa na yi shirme, na tura wuƙa fiye da ƙima, sai ya ƙwala "ƙiiiii!" har Mai Walda ya leƙo ta katanga ya tambaya ko yatsuna na nan cif. Iyakar maganarsa ke nan duk tsawon rayuwarsa. Bai yi gulma ba, bai kai ƙara ba, bai taɓa tuna mini da kuskuren jiya ba.

Cikin kyawawan halayensa akwai rashin raina aiki. Babu abin da ya yi masa ƙanƙanta. Lokacin da mariƙin murfin babbar tukunya ya fashe, mutanen da ba su da zuciya suka ce a je kasuwa a sayo na roba. Roba! A gidan da Baba Gurnani ke numfashi! Muka shiga ɗaki ni da shi, muka fito da mariƙi na ƙarfe tsantsa, sumul, mai kwalliyar zobe uku. Yanzu murfin ya fi tukunyar da abin da ke cikinta nauyi, da hannu biyu ake ɗaga shi, kuma sai an naɗe hannun da tsumma don yana ɗaukar zafi. Amma ina ƙalubalantar kowa ya zo ya fasa shi.

Shi ne kuma ya yi mana sakatar banɗaki, wadda ta zauna daidai a raminta har iska ba ta ratsawa. Aibinta ɗaya, in ta shiga ba ta son fita sai an lallashe ta da guduma. Surukinmu, mijin babbar 'yarmu, shaida ne, don ranar da ya fara zuwa gaishe mu ya yi rabin ziyararsa a can ciki, yana ƙwanƙwasawa cikin ladabi, mu kuma ba ma ji saboda marigayi yana tsakiyar aiki. Yaron kirki ne, bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai har yau in ya zo gidan nan ko ruwa ba ya sha.

Ga haƙuri da hangen nesa. Famfon kicin ya fara ɗiga, aka ce wani ɗan ƙaramin abu ne ya cinye a ciki. Na ce wannan ai aikin rabin yini ne. To amma kafin a sassaƙa abin, ana buƙatar wuƙa mai lanƙwasasshen baki. Kafin a wasa wannan wuƙa, ana buƙatar abin da zai riƙe ta a karkace. Shi kuma abin riƙewar ba ya yiwuwa sai da wani matsi na musamman, wanda shi ma sai da muka yi masa sukurori nasa na kansa, don na kasuwa ba su dace da darajarsa ba. Duk mun yi waɗannan, kowanne ya fi na baya kyau, suna nan jere a kan kanta mai son gani ya zo ya gani. Saura ƙiris mu iso kan famfon ajali ya riske shi. Famfon yana nan yana ɗiga cikin bokiti, kuma ina alfaharin cewa mariƙin bokitin ma aikinmu ne.

Marigayi ya rasu ya bar iyali mai yawa. Ya bar Guduma, abokiyar zamansa, wadda duk gardamar da hankali ya kasa rabawa ita ke rabawa. Ya bar Filaya da 'yar uwarta mai dogon baki. Ya bar sifanoni manya da ƙanana, ban da wanda aka fi buƙata, shi wannan ya riga shi barin duniya tun shekarar farko kuma ba a ga gawarsa ba. Ya bar 'ya'ya a kowane ɗaki na gidan nan da wasu gidajen layinmu, waɗanda aka kai kyauta ba tare da an roƙa ba. Jikoki kuwa ba sa ƙirguwa, ina nufin ɓarɓashin ƙarfen nan masu nannaɗewa, waɗanda ake samu a tafin ƙafa, da cikin tawul, da ƙarƙashin matashi, da cikin kalmasar rigunan da uwar yara ke ɗinka wa mutane. Wata mata ta taɓa dawo da riga ta ce tana cizo.

Haka kuma ya bar marayu cike da gwangwanin madara, wato sukurori da notina da 'yan wayoyi. Duk abin da na kwance a gidan nan na mayar, rediyo ne ko dutsen guga ko agogon bango, sai ya bar mini saura biyu ko uku a tafin hannu, abin da ke nuna irin almubazzarancin masu ƙera kayan nan. Ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. Za a ci gaba da riƙon su har a gano iyayensu.

Ciwon ajali ya fara ne da tari. Sai wani wari kamar ana ƙona gashi. Sai wata safiya ya ce "hmmmmm" ya tsaya a nan, bai kai ga gyaran murya ba. Ban ko juya ba na ji inuwa a bakin ƙofa. Uwar yara ce, hannu a ƙirji, tana cewa, "Subhanallahi. Yaya jikin nasa?" da wata murya mai taushi wadda ban yarda da ita ba ko kaɗan. Na ce da sauƙi, gajiya ce kawai.

Iyalan marigayi suna miƙa godiya ta musamman ga injin wanki na gidan nan, wanda ya ba da zuciyarsa a wannan mawuyacin hali, ba tare da an nemi shawararsa ba, ranar da uwar yara ta tafi unguwa. Tun daga lokacin ni ke wanki da hannu, kuma ina yinsa da fara'a duk sanda take kallo. Muna godiya ga fankar falo, wadda ta ba da ɗan abin nan da ke taimaka mata tashi, yanzu sai an tura ta da sandar tsintsiya take kama hanya. Muna godiya ga keken hawa na babban ɗanmu, da injin markaɗe, da wata kujera mai juyawa. Duk sanda aka yi dashe, Baba Gurnani yakan farfaɗo ya saki gurnani fiye da da, ni in fito tsakar gida ina goge hannu da tsumma, uwar yara ta ce, "Kai, madalla," ta koma lungunta.

Ciwon ƙarshe shi ne wanda ya fi ƙarfinmu. Sandar tsakiya, wadda komai ke juyawa a kanta, ta tsage. Babu kantin da ke sayar da sandar injin da aka haifa a gida. A duk faɗin duniya inji ɗaya ne ya san awonta, shi ne mai ciwon. Na samo sabon ƙarfe mai kyau, na sa masa a baki, na shafa kansa, na ce ya daure ya sassaƙa wa kansa lafiya. Jama'a, ya daure! Yana "gur... gur... gur" a gajiye, yana tsayawa yana hutawa, har sanda ta fito tana ƙyalli. Na ɗaga ta sama na zagaya gida da ita, na nuna wa kowa har da mai kawo mana ruwa.

Abin da babu wanda ya lissafa shi ne, injin da sandarsa ta tsage layi yake yi kamar mashayi, kuma duk abin da ya sassaƙa da wannan layin zai fito. Sabuwar sanda ta ɗauko tsohuwar sak, har inda ta karkace. Na ɗan lura da haka da na mirgina ta a kan teburi tana ɗingishi, amma na ce teburin ne.

Ranar Talata da hantsi na ɗaura ta, na ɗaure komai tam, na yi bisimilla na danna. Ya ce "hmmmmm". Ya ce "kaf, kaf". Ya ce "gurr-ɗang, gurr-ɗang, ɗang-ɗang-ɗang", kanta ta fara zubar da kayanta, sannan ya ce "ɓas!" Kansa ya rabe gida biyu. Bel ɗin da ke juya shi ya tsinke ya fice ta taga ya sauka a kan shanyar Mai Walda. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Kalmarsa ta ƙarshe, wadda na ji da kunnena kuma zan riƙe ta har abada, ita ce "fssssss".

Autarmu, wadda ke aikin jinya a asibiti, tana gida ranar. Ta shigo, ta ɗora bayan hannu a kan zuciyarsa, ta dubi agogo, ta ce, "Baba, sai haƙuri." Na ga kafaɗunta suna rawa, na ɗauka kuka ne. Mai Walda ya zo da bel ɗin a hannu, ya duƙa ya daɗe yana duban tsagar, ya cire hula. Ya ce, "Maƙwabci, ka san ni, ko tukunyar ƙasa ka kawo sai na gwada. Amma wannan ya tafi." Duk wanda ya san Mai Walda ya san in ya ce abu ya mutu, to ya mutu har ya huce.

Uwar yara ta zo ta'aziyya da tef ɗin awo a wuya. Ta tsaya kusa da ni ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baban yara, an yi rashi," idonta yana kan taga. Tana yi mini nasiha a kan dangana, hannunta yana auna bango. Kafin azahar ta buɗe ƙasan akwatinta ta fito da wasu labule masu ruwan ƙwai, ɗinkakku, gogaggu, daidai da tagar nan ba ƙari ba ragi. Ban san yaushe ta ɗinka su ba, amma layin ninkin ya yi fari saboda daɗewa. Yinin ranar tana 'yar waƙa a hanci, ni kuwa na kwanta na juya wa duniya baya, don alkawari na yi da bakina, kuma na san ɗaki ya tafi.

To yanzu ga bayanin haƙoran da na yi alkawari.

Yau Laraba da safe mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya iso da ƙartinsa da motar ɗaukar kaya, don a fitar da gawa. Suka sa kurfi suka farfasa simintin ƙafafu. Suka tattaru suka ce "haya!" suka ja shi zuwa ƙofa. Sai ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Suka gwada shi a tsaye. Suka gwada shi a kwance. Suka karkata shi, wani ya shiga ƙarƙashi, wani yana ba da umarni, wani yana salati. Suka cire ƙyaure. Suka cire katakon ƙofar gaba ɗaya. Har yanzu saura taƙi guda cur! Ashe duk shekarun nan da muke ƙara masa ƙiba, babu wanda ya taɓa waiwayawa ya dubi ƙofa, ni da Mai Walda ƙarfe kawai muke gani. Kuma babu abin kwancewa a gangar jikinsa, don ba mu yarda da noti ba, komai liƙe shi muka yi har abada.

Aka ce taga. Taga tana da sandunan ƙarfe, nawa na kaina, dasassu cikin bango. Aka ce a yanka shi da wuta. Mai Walda ya durƙusa ya shinshina daɓen, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ce ɗakin nan ya sha baƙin mai har ya ƙoshi, tartsatsi ɗaya ya isa a yi makokin gida gaba ɗaya, shi ba da shi ba, ko da gas ko da faifan yankan ƙarfe. Aka kira magini a fasa bango, ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan bangon shi ke ɗauke da rufin. Mai gwangwan ya share gumi ya ce, "Maigida, abu ɗaya ya rage, zarton hannu. Kuma wallahi mutanena ba za su yi ba. Ƙarfen nan ya kai kaurin cinyata, sai a yi wata ana ja." Suka tura shi suka mayar inda yake, suka sha ruwa, suka tafi.

Jama'a, ban san sanda na tsinci kaina a bayan katanga ba. Gwiwar nan tawa da ba ta lanƙwasuwa, yau ta lanƙwasu. Na taka, na juya, na sake takawa, har kyanwa ta tsaya kallo. Baba Gurnani, ɗan halak! Ka tsaya mini da rai, ka tsaya mini a mace! Ni ban karya alkawari ba, kowa shaida ne, ni na kira mai gwangwan da bakina, ni na riƙe musu ƙyaure. Ɗaki na uwar yara ne, ban musa ba, sai dai akwai gawa a ciki wadda ta ƙi fita, kuma ba a korar mamaci. Ita ma da ta ga abin da ya faru cewa ta yi, "To, shi ke nan," ta cire tef daga wuya ta naɗe shi a yatsa, ta ɗauki labulenta ta wuce.

Saboda haka iyalai suna sanar da cewa marigayi zai kwanta a inda ya rayu. Za a lulluɓe shi da tamfol mai kyau. Ni, a matsayina na babban mai makoki, zan riƙa zama a gefensa kullum daga safe zuwa yamma, ina karɓar gaisuwa. Tunda kuma ina wurin, bai dace a bar Guduma da Filaya cikin kaɗaici ba, za a ɗan riƙa motsa su don su rage tunani. Mai Walda ma ya raɗa mini cewa ya san inda wani dunƙulen ƙarfe yake kwance ba mai shi, amma wannan magana ce ta bayan makoki.

Gyara. Duk abin da ke sama da safe na rubuta shi. Wannan kuma da yamma nake ƙarawa, a yi aiki da na ƙasan.

Da na gama rubutu na ɗauka na nufi lungu in karanta wa uwar yara, don in ji ko akwai inda na yi kuskure, kuma, in faɗi gaskiya, don in ɗan ja ta da tsiya. Gidan tsit, irin shirun da muka manta da shi. Ba ta ji zuwana ba. Ta juya kekenta ya fuskanci ƙofar kicin don ta samu ɗan hasken da ke ratsowa, rigar wata a kan cinyarta, tana son zura zare a allura. Ta lashi bakin zaren, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa keken, ta kai, ya wuce. Ta cire tabarau ta goge da gefen zane, ta sake kaiwa, ya wuce. Sai ta ɗauko wayarta, ta kunna fitila, ta sa wayar a baki ta cije, don hannayenta biyu duk suna da aiki. Yadda ta yi shi ba tare da ko tunani ba, na gane ba yau ta fara ba. Da rana tsaka ne fa, a gidanta, taku kaɗan daga tagar da aka gina dominta.

Dariyar nan tawa ta ɗauke. Kunya ta rufe ni, wallahi, irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Ta ɗago ta gan ni, ta yi sauri ta cire wayar daga baki ta ɓoye a ƙarƙashin rigar, ta yi murmushi ta ce, "Har ka gama rubuta ta'aziyyar taka?" Na ce saura gyara ɗaya.

Ga tsarin jana'iza na gaskiya. Ba za a bar marigayi a ɗakin ba. Zai fita ta ƙofar da ta ƙi shi, gunduwa-gunduwa, ko da wata biyu za a yi ana ja. Za a fara gobe Alhamis da an karya kumallo, daga ɓangaren da ya tare taga, don keken ɗinki ya samu wurin tsayawa tun kafin a gama. Labule sun riga sun hau, ni na rataye su ɗazu, kuma sun yi kyau. Mai son guntu don tunawa ya ɗauka, saura na mai gwangwan ne. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar doguwar gaisuwa, kujeru ma babu.

Duk mai zuwa ya zo da zartonsa na yankan ƙarfe. Nawa guda ɗaya ne, kuma ɗazu na gwada ɗora shi a gadon bayan Baba Gurnani, hannuna ya ƙi ja. Wanda ya riga kowa isowa, don Allah ya taya ni jan farko.